Tattara bayanai daga jama'a ta wayar hannu

Tattara bayanai daga jama'a ta wayar hannu hanya ce ta bincike da sa ido, wadda wata hukuma, jami'a, kamfani ko ƙungiya take neman mutane da yawa waɗanda ba ma'aikatanta ba su riƙa aiko mata da rahoto daga inda suke zaune ta amfani da wayoyinsu. Rahoton kan iya zama farashin kwanon shinkafa a kasuwa, inda ruwan kogi ya kai, ɓullar wata cuta, hoton gona, ko muryar mutum yana karanta jimla. Ana amfani da wannan hanya a fannin noma, lafiya, agajin gaggawa, sa ido kan zaɓe da kuma nazarin harshe.

Batutuwa biyu ne suka fi jan hankalin masu nazarin wannan fanni. Na farko shi ne lada, wato abin da zai sa mutum ya ci gaba da aiko da sahihin rahoto. Na biyu shi ne sirri, wato abin da rahoton yake tonawa game da wanda ya aiko shi. Batutuwan biyu a haɗe suke, domin lambar wayar da ake biyan lada ta cikinta, da alamar wurin da ake tabbatar da gaskiyar rahoto da ita, su ne kuma suke nuna ko wane ne mai rahoton da inda yake.

Suna da ma'ana

A Ingilishi ana kiran wannan tsari crowdsourcing. Ɗan jarida Jeff Howe ne ya yaɗa kalmar a wata maƙala da ya buga a mujallar Wired a shekarar 2006. Ma'anarta ita ce a miƙa wa taron jama'a aikin da a da ma'aikaci ne yake yinsa. A Hausa abin da ya fi kusa da wannan ma'ana shi ne aikin gayya, inda mutanen gari suke haɗuwa su yi wa mutum ɗaya noma ko gini, kowa ya kawo ɗan abin da zai iya. Bambancin shi ne a gayyar gargajiya mai gona ya san waɗanda suka zo, su ma sun san shi, sun kuma ga amfanin aikinsu da idonsu. A gayyar waya kuwa, sau da yawa mai aiko da rahoto bai san wanda zai karɓa ba, bai kuma san inda bayanin zai ƙare ba.

Tarihi

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya ne daga watan Agustan 2001, lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Cikin shekaru kaɗan waya ta isa ƙauyukan da ba su taɓa samun wayar tangarahu ba, kuma haka abin ya kasance a sauran ƙasashen Afirka.

Ɗaya daga cikin sanannun misalan farko shi ne Ushahidi, wanda aka ƙirƙira a ƙasar Kenya a farkon 2008 bayan rikicin zaɓen Disambar 2007. Kalmar tana nufin shaida a harshen Suwahili. Mutane sun riƙa aiko da labarin tashin hankali ta saƙon tes da intanet, ana ɗora shi a kan taswira. Daga baya an yi amfani da manhajar a girgizar ƙasar Haiti ta 2010.

A Kenya ɗin ne kuma wani mai bincike, Nathan Eagle, ya gwada wani tsari na saƙon tes da ma'aikatan jinya za su riƙa sanar da yawan jinin da ya rage a asibitocin karkara. Ba a daɗe ba rahotanni suka tsaya, saboda kuɗin saƙon daga aljihun ma'aikatan yake fita. Da aka fara mayar musu da katin waya a kan kowane saƙo, sai rahotanni suka dawo. Ana yawan kawo wannan labari a matsayin darasin farko game da lada a wannan fanni.

Yadda ake gudanar da aikin

Akwai hanyoyi huɗu da aka fi bi. Ta farko ita ce saƙon tes, wanda kowace irin waya take iya aikawa. Ta biyu ita ce lambobin da ake dannawa masu farawa da tauraro, irin waɗanda ake duba kuɗin banki da su. Ta uku ita ce kiran murya da na'ura take yin tambaya mutum ya danna lamba, wadda ta fi dacewa da wanda bai iya karatun boko ba. Ta huɗu ita ce manhaja a babbar waya, wadda take iya ɗaukar hoto, murya da alamar wuri ta GPS. Manhajoji irin su ODK da KoboToolbox suna ba da damar a cike fom ko babu sabis, a aika daga baya idan an samu.

Bayan rahoto ya iso, sai a tace shi. Ana kwatanta shi da na wasu mutanen da ke kusa, a cire wanda ya yi nisa da hankali, a kuma duba ko lokaci da wurin da wayar ta nuna sun dace da abin da aka faɗa.

Misalai a arewacin Najeriya

U-Report shiri ne na Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF. An fara shi a Uganda a 2011, aka kawo shi Najeriya a 2014. Matasa suna shiga ta saƙon tes kyauta, ana aiko musu da tambayoyi kan lafiya, ilimi, ruwan sha da makamantansu. Ba a biyan masu amsawa. Abin da suke samu shi ne saƙon kyauta da damar a ji ra'ayinsu.

A fannin lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta, ciki har da ƙungiyar eHealth Africa mai babban ofishi a Kano, sun fara amfani da manhajar AVADAR a 2016 domin gano yaran da suka samu shanyewar gaɓa ba zato, wadda alama ce ta cutar shan inna. An ba wa mutanen gari da aka zaɓa wayoyi, cikinsu har da masu maganin gargajiya. Kowane mako wayar takan nuna ɗan gajeren bidiyo, sannan ta tambayi mai riƙe da ita ko ya ga yaro mai irin wannan alama. Tun kafin nan an riƙa ba wa tawagogin allurar rigakafin shan inna a jihohin arewa wayoyi masu GPS domin a ga unguwanni da rugagen da suka shiga da waɗanda suka tsallake. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

A fannin kasuwa, misali mafi kusa da Jigawa shi ne shirin tattara farashin abinci da aka gwada a jihohin Kano da Katsina daga 2018 zuwa 2019, wanda aka fi sani da FPCA. Cibiyar bincike ta Hukumar Tarayyar Turai ce ta gudanar da shi tare da Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasa da Ƙasa, IITA, da Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan. Ɗaruruwan 'yan sa kai, manoma da 'yan kasuwa da masu saye, sun riƙa aiko da farashin shinkafa, masara, wake da waken suya ta manhaja, tare da alamar wurin da suka ga farashin. Ana ba da tukuici ga waɗanda suka riga aiko da sahihin rahoto a kowace rana, har zuwa wani adadi da aka ƙayyade. An sake amfani da tsarin a lokacin kullen korona na 2020, lokacin da jami'ai ba sa iya zagaya kasuwanni.

A fannin harshe akwai Common Voice na gidauniyar Mozilla, wanda aka fara a 2017, kuma Hausa tana cikin harsunansa. 'Yan sa kai suna naɗar muryarsu suna karanta jimloli ba tare da biya ba, domin a koya wa kwamfuta gane magana.

Lada

Masu nazari sun raba lada gida biyu: na kuɗi da wanda ba na kuɗi ba.

Ladan kuɗi yakan zo a matsayin katin waya, data, ko tura kuɗi ta asusu. Wasu shirye-shiryen suna biyan kuɗi ɗaya a kan kowane rahoto. Wasu suna biyan waɗanda suka riga aikowa. Wasu suna jefa ƙuri'a tsakanin masu rahoto, tsarin da a yankunan Musulmi wasu suke ƙyamata saboda kamarsa da caca. Akwai kuma tsarin da kowane mai rahoto yake faɗar kuɗin da yake so, a ɗauki masu araha.

Kowane tsari yana da illarsa. Idan ana biya a kan yawan rahoto, wasu za su zauna a gida su ƙago farashi, ko su yi rajista da layuka da yawa. Idan ana biyan wanda ya riga, mutanen birni masu sabis mai ƙarfi da wutar caji su ne za su riƙa cinyewa, mutanen ƙauye su gaji su daina. Idan ladan ya yi kaɗan, bai biya kuɗin data da na caji ba. Idan kuma ya yi yawa, talaka zai amince da sharuɗɗan da da yana da hali ba zai amince da su ba, kuma irin wannan amincewa ba ta cika zama ta son rai ba.

Ladan da ba na kuɗi ba ya haɗa da jin an yi aikin alheri, samun suna a cikin al'umma, koyon sabon abu, da mayar wa mutum da bayanin da aka tara, kamar a aiko wa manomi farashin kasuwannin da ke kewaye da shi. A shirin FPCA an gwada tura saƙonnin ƙarfafa gwiwa, aka ga cewa sanar da mutum yadda sauran 'yan sa kai suke ƙoƙari yana ƙara yawan rahoto. Tun a 1970 masanin zamantakewa na Ingila Richard Titmuss ya yi hujja da cewa biyan masu ba da jini yana iya kashe niyyar masu bayarwa don Allah. Ana kawo wannan hujja a nan ma: da zarar an saba wa mutane da biya, ranar da kuɗin shirin ya ƙare rahoto yakan tsaya.

A arewacin Najeriya akwai wani abu na daban. Tun daga shirin rabon takin zamani ta waya da aka fara a 2012 lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, da shirye-shiryen tallafi da suka biyo baya, mutane da yawa sun saba ganin cewa ba da suna da lambar waya hanya ce ta shiga jerin masu samun taimako. Saboda haka mutum yana iya amsa tambayoyin bincike yana zaton rajistar tallafi ce, ko ya ƙara gishiri a kan asarar da ya yi.

Sirri

Rahoton waya yana ɗauke da bayanai iri biyu. Akwai abin da mutum ya faɗa da kansa. Akwai kuma abin da wayar take haɗawa ba tare da ya lura ba: lambar layi, samfurin waya, lokaci da wuri. Hoto kan iya ɗauke da alamar wurin da aka ɗauke shi a ɓoye cikinsa, ya kuma nuna fuskokin mutanen da ba a nemi izininsu ba. Murya tana nuna jinsi, kimanin shekaru da karin harshe, ta yadda mai sauraro zai iya bambance Bahaɗeje da Basakkwace.

Cire suna kawai ba ya ɓoye mutum. A 2013 Yves-Alexandre de Montjoye da abokan aikinsa sun yi nazarin bayanan zirga-zirgar masu waya miliyan 1.5 na tsawon wata 15, suka gano cewa sanin wurare huɗu da lokutan da mutum ya kasance a cikinsu ya isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen. A watan Janairun 2018 aka gano cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa, wadda aka haɗa daga bayanan masu amfani da ita, tana nuna fasalin sansanonin soja a ƙasashe da dama. A 2021 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa manhajar Premise, wadda take biyan mutane a ƙasashe masu tasowa su ɗauki hotuna su amsa tambayoyi, tana da kwangiloli da rundunar sojan Amurka. Wannan ya tayar da muhawara kan ko masu aikin sun san wanda suke yi wa.

A Najeriya, tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Ke nan duk shirin da yake biyan lada ta lambar waya yana riƙe da abin da za a iya bi har a kai ga cikakken sunan mutum.

Yanayin fadamar Kogin Haɗejiya

Yankin Kogin Haɗejiya a jihar Jigawa yana nuna amfanin wannan hanya da kuma haɗarinta. Kogin yana samuwa ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa, kuma madatsun ruwa biyu ne suke sarrafa yawancin ruwansa: Tiga, wadda aka kammala a 1974, da Challawa, wadda aka kammala a 1992. Ƙananan hukumomin masarautar Haɗejiya, irin su Kaugama, Auyo, Kafin Hausa, Malam Madori, Kirikasamma da Guri, sun dogara da noman shinkafa, alkama, riɗi, gero da kayan lambu, da kamun kifi da kiwo. Ciyawar kachala tana toshe hanyoyin ruwa, ambaliya kuma tana yawan aukuwa, kamar yadda aka gani a 2018, 2020 da 2022.

A irin wannan wuri, mutumin da ke bakin kogi ya fi kowa saurin sanin ruwa ya fara hawa, ko jinga ta tsage, ko tsuntsayen jan baki sun sauka a gonakin shinkafa. Rahotonsa na iya cike giɓin da ke tsakanin hasashen hukumomin ƙasa, irin su NiMet da NIHSA, da abin da ke faruwa a ƙauye. Haka nan farashin riɗi da zoɓo a kasuwannin Haɗejiya, Gujungu da Maigatari yana da amfani ga manomin da yake shawarar inda zai kai kayansa.

Sai dai a ƙauye mai gidaje hamsin, wanda mutum biyu ko uku ne kaɗai suke da babbar waya, ɗigo ɗaya a kan taswira ya isa a gane mai rahoto. Idan rahoton ya shafi wanda ya datse ruwa, ko shanun da suka shiga gona, ko yadda aka raba kayan agaji, to gane mai rahoton na iya jawo masa gaba da maƙwabta ko da masu iko. Alamar wurin gona tare da yawan buhunan da aka girbe bayani ne game da dukiyar mutum. Bayan haka, ana yawan aron waya a karkara, kuma ana barin ta a shagon caji na sa'o'i, don haka saƙon da ya shigo ba lallai mai ita kaɗai ne zai gani ba. Mata sun fi maza ƙarancin mallakar babbar waya, kuma da yawansu wayar miji ko ta ɗa suke amfani da ita. Wannan yana rage muryarsu a cikin bayanan, yana kuma sa tambayoyin da suka shafi lafiyar mace su zama masu wuyar amsawa a asirce.

Doka

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa, gidajensu, wasiƙunsu da hirarsu ta waya. A watan Janairun 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, sannan a watan Yunin 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC.

Dokar ta ce a tattara bayani don manufa bayyananniya, kada a ɗauki fiye da abin da manufar take buƙata, kada kuma a ajiye shi fiye da lokacin da ya kamata. Mutum yana da haƙƙin sanin abin da aka tara game da shi, ya nemi a gyara ko a goge, ya kuma janye amincewarsa. Bayanan lafiya, addini, ƙabila, ra'ayin siyasa da siffofin jiki irin su zanen yatsa suna da ƙarin kariya. Bayanan yaro suna buƙatar izinin iyaye ko mai kula da shi. Idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, dole a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Tarar manyan masu sarrafa bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Hanyoyin kariya

Akwai dabarun da ake bi domin a biya lada, a tabbatar da rahoto, ba tare da an tona mai shi ba. Ana raba ma'ajiya biyu, ɗaya ta lambobin waya don biya, ɗaya ta rahotanni, a haɗa su da wata lambar sirri da mutane kaɗan suke iya buɗewa. Ana rage kaifin alamar wuri, a nuna mazaɓa ko ƙaramar hukuma maimakon ƙofar gida. Ba a wallafa sakamakon wani wuri sai masu rahoto a can sun kai wani adadi. Ana goge bayanan da ke ɓoye cikin hoto kafin a adana shi. Akwai kuma dabarar lissafi da Cynthia Dwork da abokan aikinta suka gabatar a 2006, wadda ake ƙara ɗan hargitsi a cikin alƙaluma ta yadda jimilla za ta fito kusan daidai amma ba za a iya ciro amsar mutum ɗaya ba. Amurka ta yi amfani da ita a ƙidayar jama'arta ta 2020.

Kowace dabara tana rage wani abu. Idan aka ɓoye ainihin wuri, rahoton ambaliya ba zai nuna wa masu agaji ƙauyen da za su nufa ba, kuma kama mai ƙago rahoto zai yi wuya. Shi ya sa ake auna kariyar da nau'in bayanin: farashin masara ba ya buƙatar tsaron da rahoton rikici ko na cuta yake buƙata.

Harshe da amincewa

Yawancin manhajoji suna nuna sharuɗɗansu da Ingilishi, cikin dogon rubutu da ake dannawa a wuce. Ko an fassara zuwa Hausa, akwai matsalar kalmomi. A bakin jama'a kalmar data tana nufin abin da ake saya a hau intanet, don haka jimlar da ta ce za a yi amfani da datar mutum tana iya sa ya zaci katinsa za a ci. Kalmar sirri kuma ta fi nufin abin da ake ɓoyewa, alhali dokar tana magana ne a kan ikon mutum game da bayanansa, ko da ba ɓoyayyu ba ne, kamar sunansa da lambarsa. Haka kalmomin lada, tukuici, alawus da tallafi, kowace tana sa mai ji ya yi tsammanin wani abu daban.

Saboda wannan ne masu tsara irin waɗannan shirye-shirye suke ba da shawarar a yi bayanin amincewa da murya, a taƙaice, cikin harshen wurin, wanda a gabashin Jigawa ya haɗa da Hausa, Fulatanci da harshen Mangawa. Bayanin ya faɗi wanda yake tattarawa, abin da zai yi da shi, wanda zai gani, tsawon lokacin ajiya, nawa ne ladan da ranar da zai ƙare, da yadda mutum zai fita idan ya so. Ana kuma sanar da dagatai da masu unguwanni kafin a fara, ko da yake izinin shugaban gari ba ya maye gurbin amincewar shi kansa mai wayar.